Jar Tukunyar Inna Ɗauka

A layin shagunan da ke bayan tashar mota, in ka ce Dogo kake nema, kowa zai nuna maka shagon da ke kusa da famfo. In ka shiga kana ɗaga kai kana neman dogon mutum, to sauke idonka, yana nan ƙasa kusa da sikeli. Gajere ne na gasken gaske. Sunan ya samo asali tun yana saurayi, lokacin da ya je neman aikin kwana-kwana. Ya yi gudu ya wuce kowa, ya hau igiya, ya ɗauki buhun yashi ya zagaya fili, amma da aka jera su a jikin bango aka zo awon tsawo, mai awon ya dube shi, ya dubi layin da aka ja, ya ce ya je gida ya dawo in ya ƙara girma. A lokacin har ya fara aske gemu. Abokansa suka rako shi gida suna kiransa Dogo, sunan kuwa ya bi shi har furfura.

Wani da an yi masa haka sai ya yi fushi da wuta da masu kashe ta baki ɗaya. Dogo bai yi ba. Ya ce tunda an hana shi hawa jar mota, zai tsaya a ƙasa ya tari wutar tun tana jaririya. Ya kama aiki wurin wani dattijo mai cika tukwanen kashe gobara, irin jajayen nan da ake ratayewa a bango, ya koyi kwance su da wanke su da cika su, ya koyi karanta ɗan agogon da ke wuyansu. Da dattijon ya tsufa ya koma gida, Dogo ya buɗe nasa shagon. Tun daga nan ba a sake hutawa da shi ba, domin mutum ne da Allah ya yi wa baki, kuma zancensa ɗaya ne.

Ko gaisuwa ka tsaya yi, sai ya tambaye ka sana'arka, daga nan ka shiga uku.

"Wuta dangi-dangi ce," haka yake farawa, yana ɗaga yatsa. "Masu ƙera tukwanen nan sun sa wa kowace harafi, amma bar haruffa. Faɗa min abin da take ci, in faɗa maka abin da zai kashe ta."

Sai ya bi jerin tukwanen yana dafa su ɗaya bayan ɗaya. Duk jajaye ne, amma kowace da ɗamarar launi a ƙirjinta. Wadda ɗamararta ma ja ce, ruwa ne zalla a ciki, ta wutar yadi ce da takarda da katako, shi ya sa ya rataya wa Tela ita. Mai ɗamara ruwan madara kumfa ce, ta fetur da fenti. Mai shuɗi hoda ce, tana maganin wutar gas da ta fetur, amma in ka fesa ta a ɗaki sai ka yi sati kana shara kana tari. Mai baƙi iska ce mai sanyin tsiya, ta kayan lantarki, ba ta jiƙa komai ba ta ɓata komai, ita ce a shagon mai gyaran waya. Akwai ma ta wutar ƙarfe, wadda tun da yake sau ɗaya aka taɓa nema a wurinsa, amma ba ya tsallake ta a bayani, don a san ya sani. A ƙarshe sai ya zo kan mai rawayar ɗamara, ya sassauta murya.

"Wannan ta man girki ce. Mai in ya yi zafi ya kama, ba ya son ruwa, ba ya jin hoda. Wannan kaɗai ke kwanciya a kansa ta rufe shi har ya huce."

Akwai dalilin sassauta muryar. A ƙarshen layin akwai ɗakin abinci mai tebura 'yan kaɗan da labulen roba, kuma a bayan labulen matarsa ce ke tsaye daga hantsi har la'asar a gaban wani ƙaton kasko cike da mai, tana soya kifi da kaji da dankali. Ranar da ta buɗe wurin, kafin a shigo da kujeru, Dogo ya zo da ƙusa da guduma ya hau kan akwati ya rataya mata mai rawayar ɗamara a bakin ƙofar kicin, daidai inda hannunta zai kai. Wasu mazan zobe suke sayowa, shi abin da ya iya ke nan.

Ita kuwa matar, duk layin Inna Ɗauka ake kiranta. Ban taɓa ganin mace mai sakin hannu irinta ba, kuma ba yabo kaɗai nake yi ba, domin abin nata har haushi yake ba mutum. In ka ce Inna ara min wuƙa, kafin ka rufe baki ta ce ɗauka. Tsintsiya, bokiti, kujera, tsani, caja, murhu, duk ɗauka. An taɓa aron labulen ƙofarta aka yi biki da shi a wata unguwa. 'Ya'yansu da suka girma suka watse suna cewa sun tashi ba su san cokalin gidansu ba, domin kullum na maƙwabta ne ke dawowa a madadinsa. A wurinta, ka ce wa maƙwabci babu alhali akwai, ya fi zagi muni.

Dogo bai taɓa damuwa da wannan ba. Yakan ce ai shi ma aronsa ta yi daga gidansu ta ƙi mayarwa. Sai da masu duba shaguna suka fara yawo suna tambayar kowa ina tukunyar kashe gobararsa, sannan halin matarsa ya zo ya taka masa sana'a.

Ba kowa ne a layin ke da tukunya ba, balle layin baya. Amma mutanen nan sun saba, abin da ɗaya ke da shi na kowa ne. Da an hango masu dubawa sun shigo ta bakin famfo, sai tukwane su fara tafiya ta ƙofofin baya. A duba ta a shagon Tela, kafin a gama rubutu ta zagaya ta rataye a wurin Mai Aski, daga can ta tsallaka wurin mai sayar da katifa. In an gama sai kowa ya ɗauki wadda ta fi kusa ya mayar, tunda a ganinsu ja ja ne.

Wata rana da azahar Dogo ya shiga kicin karɓar abincinsa. Mai na tafasa a kasko, Inna na juya kifi tana 'yar waƙarta. Ya ɗaga kai ya gaida tukunyarsa kamar yadda ya saba, sai ya ga jar ɗamara. Tukunyar ruwa ce ta Tela rataye a bayan matarsa, taku ɗaya daga kaskon mai. 

"Ina taki?" ya ce.

"Tawa me, Malam?"

"Tukunyarki. Mai rawaya."

Ta waiwaya ta dubi bango. "Ga ta nan a rataye."

"Wannan ta Tela ce! Ruwa ne a ciki!"

"To ai da ruwa ake kashe wuta tun kakanni," in ji ta, ta ɗora masa kifi a faranti. "Ci abincinka kada ya huce."

Ya bar abincin ya bi layi shago-shago, ya samo mai rawayar a wurin mai gyaran waya, an tokare ƙofa da ita. Ya saɓo ta a kafaɗa, tana neman fin shi tsawo, ya mayar. Bayan 'yan kwanaki ya tarar da mai baƙi a wurin. Ya mayar. Ya sake tarar da ta ruwa. Ya yi bayani da lallashi, ya yi da faɗa, ya zana kasko da fenti a jikin tukunyar don a gane ta. Aka ce zanen ya yi kyau, aka ci gaba da ara.

Tela, wanda abokinsa ne tun suna samari kuma ba ya raga masa, ya ba shi shawara yana taka keke ko ɗago kai bai yi ba.

"Sa mata sarƙa da kwaɗo mana, ka huta."

"Tukunyar kashe gobara da kwaɗo? In wuta ta tashi sai a ce mata ta dakata a nemo makulli?"

"To ka sa wa Inna kwaɗon a baki."

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Dariya suka yi, amma Dogo ya koma shago jikinsa a sanyaye. Ya san abin da ruwa ke yi wa mai mai zafi, ya taɓa gani a wurin horo tun yana koyon aiki. Kuma ya san matarsa. In kaskon nan ya kama, ba za ta gudu ba, za ta juya ta fizgi abin da ke bango ta fesa, domin shi da bakinsa ya koya mata haka. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai saba da shi ba. Yana cikin cika tukunya sai ya tsinci kansa ya leƙa ƙarshen layi yana duban hayaƙin kicin, ko launinsa ya canza.

Ya sake gwada ta a gida, bayan sun ci abinci tana tsince shinkafar gobe.

"Don Allah ki bar ba da tukunyar nan. Ki ba da komai, har ni ki bayar, amma ban da ita."

"Kai wa zai ara?" ta ce tana dariya. Da ta ga bai yi dariya ba sai ta ajiye tiren. "Malam, Mai Aski ya tsaya a gabana ya ce za a rufe masa shago, yana da iyali. In dube shi in ce babu? Da wane bakin? Shekara nawa ina suya, ka taɓa ganin wuta ta kama min?"

"Ranar da za ta kama ba za ta aiko da sallama ba."

"Allah zai tsare."

"Zai tsare, amma ai shi ya ba mu hankali."

Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsinta. Hali zanen dutse.

Daga nan Dogo ya yanke shawara cewa gani ya kori ji. Ya bi layi ya gayyaci kowa, ranar hutu da yamma, a filin da ke bayan shaguna inda ake zubar da tsofaffin tayoyi. Ya share wuri mai faɗi, ya kafa tsohon durom a tsakiya ya ɗora ɗan murhun gas a kai don na baya ma su gani, ya ja tiyo mai tsawo ya ajiye tukunyar gas ɗin can nesa. Ya jera jajayen tukwanensa a gefe, kowace da ɗamararta. Ya ɗaura kofi a bakin wata doguwar sanda. Ya ja layi a ƙasa ya ce kada wanda ya tsallake. Ya naɗa Tela mai kula da gas, in ya ce rufe ya rufe. Abu ɗaya ya rage, sai ya ce wa matarsa ta zubo masa tsohon mai a ƙaramin kasko, rabin kofi kawai, ta ɗora a murhun.

A nan aka yi kuskuren, kuma duk wanda ya san mutanen biyu zai ce dole a yi shi. Inna Ɗauka ba ta taɓa ba wa mutum rabin kofin komai ba. Ta dubi rabin kofi a gindin kasko ta ga abin kunya ne a gaban jama'a, mijinta ya roƙi abu ta ba shi kamar mai rowa, sai ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Shi kuma Dogo, da kasko ke kan murhu, murhu ke kan durom, ko ya yi ɗage ba zai ga cikinsa ba. Bai ma gwada ba, ya riga ya juya wa durom baya ya fuskanci jama'a, ga taro ya samu irin wanda bai taɓa samu ba.

Ya yi bayanin dangin wuta tun daga kan yadi har ƙarfe. Mai katifa ya yi hamma. Mai Aski ya ce a yi a gama yana da kai a shago rabi a aske. Can man ya fara hayaƙi, ya yi baƙi, sai ga harshen wuta ya tashi a kansa.

"Yauwa," in ji Dogo. "Ga wutar man girki. Yanzu ku kalli abin da ruwan da kuke rataya wa matata zai yi."

Ya cika kofin da ruwa, ya ja da baya iyakar tsawon sandar, ya miƙa, ya juye.

Abin da ya biyo baya, har yau in ana ba da labarinsa a layin kowa da tsawon da yake ba wutar. Ta yi wata irin ƙara ta tashi sama dunƙule guda, ta fi rufin shaguna, zafinta ya daki fuskar kowa. Jama'a suka watse. Mai katifa ya bar takalmi ɗaya. Tela, mai kula da gas, shi ya fara kaiwa bakin titi. Dogo kuwa ya faɗi zaune daɓas, sanda a gefe, hula a gefe, hannu biyu a fuska. Kaskon yana ci, man da ya fallatsa yana ci a jikin durom da ƙasa, ga shi zaune kusa da abin.

Mutum ɗaya ce ta yi gaba maimakon baya. Inna Ɗauka ta tsallake layin tana salati, ta fizgi tukunyar da ta fi kusa, ta zare fil, ta ɗaga tiyo ta nufi kaskon. Dogo ya buɗe ido ɗaya cikin hawaye ya hango ɗamarar.

"Ba ita ba! Ruwa ce!"

Ta tsaya cak, yatsunta a kan makunnin. Ta sunkuya ta dubi ƙirjin tukunyar. Ita ce dai wadda ta sha wuni a bayanta, har ta san 'yar lotsewar da ke gefenta. Ta sake ta ta faɗi a ƙasa.

"Mai rawaya, ke, mai rawaya," in ji Dogo, yana rarrafe zuwa wurin gas. Ya murɗe ya rufe. "Kada ki matsa kusa. A hankali, daga sama, kamar kina ba shuka ruwa."

Ta ɗauko ta fesa yadda ya ce. Ruwan maganin ya sauka a kan man ya yi kumfa mai kauri ya rufe shi, wutar ta ja da baya ta mutu. Ta bi ta jikin durom da ta ƙasa ta kashe. Ta ci gaba da fesawa har tukunyar ta ƙare, tana ta matsawa babu abin da ke fita.

Jama'a suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Aka ɗaga Dogo aka duba shi. Babu ƙuna, sai fuska da ta yi ja, amma gira babu ko ɗaya, gashin baki ya tafi, gemun ma gefe ɗaya ya rage. Da aka tabbatar lafiyarsa lau, Mai Aski ya fara fashewa da dariya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin aski mai sauri haka ba. Tela ya dawo yana haki yana gyara riga.

"Ka ga abin da ake faɗa," ya ce. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

"In ba mai ne a gemun ba," in ji Dogo. "Kai kuma ina ka je da na ce ka tsare gas?"

"Na je kiran 'yan kwana-kwana."

"Da ƙafa?"

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta tsaya tana duban baƙin tabon da wutar ta bari a ƙasa, tana auna faɗinsa da ido. Ɗan kasko ne wannan. Nata na kicin ya ninka shi sau da yawa, kuma a can babu fili, babu sanda, rufi ne a kanta da labulen roba a bayanta. Da suka isa gida ta shafa masa man sanyi a fuska, ta gyara masa sauran gemun da almakashi.

Washegari Dogo ya cika mai rawayar ya mayar bakin ƙofar kicin. Mutane suka fara zuwa shagonsa, wasu don tambayar wace ɗamara ta dace da su, wasu don kallon fuskar kawai. Ya karɓi kowa, ya yi wa kowa bayani, yana ɗaga girar da babu. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Tsoro yakan wuce, hali kuwa yana nan, kuma ya san ba a gwada ta ba tukuna.

Gwajin ya zo ranar da yake zaune a teburin lungu yana cin dankali. Mai Aski ya shigo da sauri yana goge hannu a riga.

"Inna, an ce masu dubawa suna layin baya. Tawa ba ta iso ba tukuna, Baba Dogo shaida ne na yi masa maganar saye. Ara min taki, yanzun nan zan dawo da ita."

Dogo ya ajiye cokali. Ya san in ya sa baki ya ɓata. Ya ga bakin matarsa ya buɗe, kalmar da ta saba ta zo har kan harshe. Ta dubi tukunyar, ta dubi kaskon da ke tafasa, ta dubi lungun da yake zaune.

"A'a," ta ce.

Mai Aski ya yi tsammanin bai ji daidai ba. "Na'am, Inna?"

"Na ce a'a, ɗan nan. Wannan ba ta fita." Ta juya kifin da ke kasko. "Je shagon Malam, yana da mai baƙi ta gwaji, ita ce ma daidai da injinan askinka. Malam, tashi ka ba shi ya rataya har tasa ta zo. Ka ci abinci kuwa? Tsaya in sa maka kifi. Ɗauki kujerar nan ma, na ga taka ta karye."

Mai Aski ya fita da kifi a hannu ɗaya, kujera a ɗaya, yana waiwaye. Dogo ya miƙe zai bi shi, sai ya ga matarsa ta juya wa ƙofa baya tana share ido da gefen mayafi.

"Hayaƙi ne?" ya ce.

"Ba hayaƙi ba ne. Yau na hana mutum abu, Malam. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba." Ta ja hanci. "Duk saboda kai da wannan fuskar taka."

"Saboda ke dai," in ji shi. "Tukunya ina da su cike da shago. Ke ce ba ni da wata."

Ta tsaya tana dubansa, ido jajir, dariya na neman ƙwace mata.

"Tafi ka ba yaron nan tukunya," ta ce. "Kifina zai ƙone."